Masu Karanta Tsohon Kwabo

Duk wanda ya tashi a Jalingo ya san kwallar kaka. In aka buɗe, a ƙasan kwanuka za a tarar da ƙullin tsoffin kuɗi: anini, taro, sisi, sule, kwabo mai huji, wani lokaci har da liyari, azurfar nan da matan Fulanin Muri ke ado da ita. Galibi a hannun maƙerin fari suke ƙarewa, ya aza a sikeli, ya biya kuɗin nauyi, ya narke. Abin yana ci mini rai, don kuwa akwai masu sana'ar tantance tsoffin kuɗi, waɗanda ke fara karanta kwabo kafin su yi masa kuɗi.

Jarinsu bai taka kara ya karya ba: gilashin ƙara girma, ɗan sikeli, farin ƙyalle da hasken hantsi. Gwanintar tana wurin raba aibin da kwabo ya fito da shi daga masana'anta da ɓarnar da ya sha a hannun mutane. Na farko yana ɗaga farashi, na biyu ya karya shi.

Za ka ga gwani ya riƙe kwabo ta gefe, ba ya yarda yatsa ya taɓa fuskarsa, yana karkata shi a hankali. Idan hatimin ƙarfen da ya buga shi ya tsage, yakan bar siririn layi a ɗage, kamar jijiyar bayan hannu. Karce kuwa ciki yake nutsewa. Hujin masana'anta, ko da ya kauce daga tsakiya, bakinsa sumul yake. Wanda aka yi da ƙusa don a rataya wa yaro a wuya, gefensa a tashe yake, yana kama farce. Tabon dalma a bayan sule shaida ce an taɓa liƙa masa mariƙi an yi abin wuya da shi.

Kuskuren masana'anta da ya fi tsada shi ne haɗa hatimai biyu da ba zamaninsu ɗaya ba. Sarkin Ingila Edwad na takwas ya sauka daga mulki a 1936, amma akwai kwabon Afirka ta Yamma mai shekarar 1945 ɗauke da sunansa. Joji na shida ya mutu a 1952, ga kuma kwabon 1956 da nasa sunan. Shi ya sa gwani ke gwada suna da shekara kafin komai, sannan ya nemi ɗan harafin masana'anta: H na Heaton da ke Birmingham, ko KN na King's Norton.

Liyari kuma tarko ne ga sabon shiga. Ya ga 1780 a jiki, ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali shekarar mutuwar sarauniya Mariya Tareza ce, wadda hotonta ke jikinsa, kuma da wannan shekarar aka ci gaba da buga shi tun daga lokacin. Sai an bi ƙananan alamomi ake gane tsohon bugu.

Mai karatu, in ka gaji irin wannan ƙulli, don Allah kada ka dirje shi da toka ko lemon tsami wai ya yi ƙyalli. Duhun nan na jikinsa masu saye na so. Naɗe kowane ɗaya a takardarsa, ka kai wa wanda ya sani ya duba tukuna.