Kwamfutarka Ba Ta Tsufa Ba, Rumbunta Ne Ya Gaji

Duk wanda ya taɓa kunna kwamfuta da sassafe, ya tashi ya haɗa shayi, ya dawo ya tarar har yanzu tana ta juya ɗan zoben nan nata ba ta gama buɗewa ba, to ya san irin takaicin da za mu yi magana a kansa a wannan mako. Haka abin yake a ofisoshi, da ɗakunan ɗalibai, da shagunan buga takardu na bakin kotuna da jami'o'i, tun daga Ikko har Maiduguri. Da zarar an gaji sai a yanke hukunci a ce na'ura ta tsufa, a shiga tunanin sabuwa. Alhali kuwa tun da darajar naira ta faɗi cikin 2023, kuɗin sabuwar kwamfuta ya wuce abin da ƙaramin ma'aikaci zai tunkara da albashin wata ɗaya.

Gaskiyar magana ita ce, sau da yawa ƙwaƙwalwar na'urar lafiyarta ƙalau. Ciwon yana wurin rumbunta ne, watau ma'ajiyar da take tara dukkan takardu da hotuna da manhajoji. Ka ɗauka kana da kuku mai zafin nama, amma rumbun hatsi yana can bayan gari, kowane mudu sai an aika yaro ya ɗebo. Komai gwanintar kukun nan, tuwo ba zai sauka da wuri ba. Ma'ajiyar nan kuwa iri biyu ce a kasuwa: akwai faifai mai juyawa, wanda masu gyara ke kira HDD, akwai kuma marar motsi, wadda suke kira SSD. Wanne ya kamata mutum ya zuba kuɗinsa a kai?

FAIFAI MAI JUYAWA

Wanda ya san garmaho ya riga ya san rabin labarin HDD. A cikin ɗan akwatin ƙarfe akwai fayafai masu sheƙi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, akwai kuma ɗan hannu mai kai da komo a bisansu yana rubutu yana karatu. Bambancinsa da garmaho shi ne, kan hannun nan ba ya taɓa faifan, yana shawagi ne bisa iskar da juyawar ta haifar, da tazarar da ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Faifan kwamfutar tafi-da-gidanka galibi yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya, na kwamfutar tebur sau 7,200, watau sau 120 ke nan a daƙiƙa guda.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi cikin 1956. Na farkon nan fayafai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin na'urar ya kai kimanin tan guda, amma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Hoto biyu na wayar da ke aljihunka sun isa su cika ta. Cikin 1980 kamfanin da aka sani yau da suna Seagate ya fito da faifai mai megabait 5 wanda zai shiga ƙaramar kwamfuta. Tun daga nan girma yake raguwa, ciki yana ƙaruwa, har ga shi yau ana samun faifai ɗaya da ya haura terabait 20. Kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera shi a duniya: Seagate, da Western Digital, da Toshiba.

MA'AJIYAR DA BA TA MOTSI

Ita kuwa SSD babu faifai a cikinta, babu hannu, babu injin juyawa. 'Yar uwar filash ce da katin memorin waya, sai dai ta fi su inganci nesa ba kusa ba. Tana riƙe bayanai ne ta hanyar kulle ɗan cajin lantarki a cikin miliyoyin ƙananan ɗakuna, cajin kuwa yana nan zaune ko an kashe na'ura. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Fujio Masuoka, ma'aikacin kamfanin Toshiba, shi ne ya ƙago wannan fasaha, ya kuma bayyana irin da ake amfani da shi a SSD ta yau cikin 1987. A 1991 aka sayar da wata mai megabait 20 a kan kimanin dala 1,000. Tsadar nan ce ta hana ta shiga hannun talaka shekara da shekaru, amma yanzu ta sauko har ta zama ita ake sa wa akasarin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka tun daga masana'anta.

INDA BAMBANCIN YAKE

Idan ana kwafar babban fayil guda, HDD takan tura tsakanin megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD mai bin tsohuwar hanyar haɗi da ake kira SATA takan kai kimanin 550. Sabuwar kuwa, mai suna NVMe, wadda siffarta kamar ɗan guntun rula, takan kai 3,500, wata ma 7,000.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Aikin kwamfuta na yau da kullum tsince-tsince ne. Lokacin da take tashi, sai ta nemo dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse ko'ina cikin rumbun. A wurin HDD, kowane guda sai hannu ya tafi layinsa, sa'an nan ya jira faifai ya juyo da wurin. Jiran nan kimanin kashi ɗaya ne cikin ɗari na daƙiƙa, abin da za a ce bai kai ya kawo ba, amma in aka tara shi sau dubbai sai ya zama mintoci. SSD ba ta da tafiya, ba ta da jira. Takan amsa kira cikin lokacin da ya gaza wancan kamar sau ɗari. Dalili ke nan da ya sa kwamfutar da ke cin minti biyu ko uku kafin ta shirya, in aka sauya mata rumbu sai ta tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Har ila yau ba ta ƙara, kuma ta fi sauƙin cin batir, abin da ba za a raina ba a ƙasar da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama.

To, ashe an binne HDD ke nan? A'a. Tsohuwar zuma da ita ake magani. In aka zo batun yalwa, kuɗin da zai saya maka terabait ɗaya na SSD zai saya maka fiye da haka na faifai, kuma gwargwadon girman abin da kake nema, gwargwadon yadda ratar ke buɗewa. Mai ɗaukar bidiyon biki, da mai tace fim, da mai kyamarar tsaro da ke naɗa dare da rana, da ofishin da ke tara takardun shekaru, duk faifai ne rufin asirinsu. Manyan kamfanonin intanet ma har yau a kansa suke jibge mafi yawan bayanansu.

KOWANE ALLAZI DA NASA AMANU

A nan tilas in ba da labarin kaina. Shekarun baya ina aiki da daddare, kwamfutata tana kunne bisa benci, sai ƙafata ta jawo igiyar caji, ta faɗo ƙasa. Gilashi bai fashe ba, har na yi hamdala. Da na sake kunnawa sai na ji tana wani ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango. A cikinta akwai muryoyin hirarrakin wata uku da ban rubuta ba, da hotunan sunan 'yata ta fari. Mai gyaran da na kai wa ya kara ta a kunne, ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ina ka ajiye kwafi na biyu?" Na ce masa babu. Sai ya yi shiru, ni ma na gane.

Abin da ya faru shi ne, hannun nan mai shawagi ya daki faifan yana tsakiyar juyawa, ya kankare shi. Wannan shi ne babban raunin HDD: ba ta son girgiza ko faɗuwa tana aiki. Da SSD ce a ciki, da wuya faɗuwar nan ta yi mata komai. Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da ke yawo da na'urarsa a jaka, yau a acaɓa gobe a Keke Napep, ba shi da abin da ya fi masa SSD.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ita ba ta mutuwa. Tana mutuwa, kuma mutuwarta ta fi ban tsoro, domin faifai sau da yawa yakan yi gargaɗi, ya yi ƙara, ya yi nauyi, ita kuwa tana iya kwana lafiya ta wayi gari ba a ganinta sam. Ceto bayanai daga cikinta ya fi wuya, kuma abin da aka goge bisa kuskure takan share shi ƙarƙaf ba da daɗewa ba. Haka nan in aka jefa ta cikin akwati aka bar ta shekaru ba a ba ta wuta ba, cajin nan yana iya zurarewa a hankali, musamman a wuri mai zafi. Don haka ba ta dace da ajiyar da za a rufe a manta ba.

Akwai kuma raɗe-raɗin cewa wai rubutu yana cinye ta da wuri. Gaskiya ne ɗakunanta suna da iyakar sau nawa za a goge a sake rubutawa, amma a duba lissafi. Kamfanin Samsung, alal misali, ya ba 870 EVO mai terabait ɗaya ma'aunin rubutu na terabait 600. Wanda ke rubuta gigabait 50 kowace rana, abin da ɗan ofis ba ya yi, sai ya shekara fiye da 30 kafin ya kai wannan iyaka. Ɗaukewar wuta farat ɗaya ita ce abin tsoro, kuma tana iya lalata abin da ake rubutawa a kan kowannensu. Mai kwamfutar tebur ya nemi na'urar riƙe wuta ta UPS kafin ya nemi wani ado.

IN ZA KA KASUWA

Ko Computer Village ta Ikeja ka nufa, ko Banex a Abuja, ko Farm Centre a Kano, ga abubuwan lura.

Na farko, san ƙofar da na'urarka take da ita. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna karɓar SATA mai inci 2.5 ne, kuma SSD irin wannan tana shiga daidai gurbin tsohon faifai. Masu sabon gurbi na M.2 su yi hattara, domin wani gurbin SATA kaɗai yake ji, wani NVMe, ga shi kuwa a ido sun yi kama. A duba lambar samfurin na'ura kafin a biya.

Na biyu, girma. Mai gigabait 128 tana cika nan da nan, SSD kuwa in ta cika maƙil sai saurinta ya ragu. Mai 256 ita ce mafi ƙaranci, mai 512 ta fi kwanciyar hankali.

Na uku, araha ba ta ado. Akwai jabu a kasuwa wadda aka yi wa dabara tana nuna terabait ɗaya ko biyu alhali cikinta ɗan kaɗan ne, sai ka zuba kaya su ɓace. Manhajar H2testw tana tona asirin irin wannan. In ta hannu ce, ko ka sayi kwamfuta tokumbo, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo a gabanka, za ta nuna awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki da matsayin lafiyarta. Amma kada ka kama rigar mai kanti don ka ga terabait ɗaya ya nuna 931. Bambancin ƙidaya ne tsakanin masana'anta da Windows, ba cuta ba ce. Ka kuma karɓi rasit.

Na huɗu, SSD ba ta maganin kowace cuta. In ram ɗin na'urar gigabait 4 ne, a kai shi 8 in da hali. Sa'an nan a tuna kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin da ya saba tun ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar akasarin ƙwaƙwalen Intel da suka gabaci zubi na 8. Sabon rumbu ba zai sauya wannan ba, don haka a auna kafin a kashe kuɗi mai yawa a kan na'urar da ta kwana biyu ƙwarai.

Na biyar, kada ka yar da tsohon faifanka. In lafiyarsa ƙalau, saya masa ɗan gida mai igiyar USB ya zama rumbun waje. Mai kwamfutar tebur ma yana iya haɗa su duka biyu a ciki, Windows da manhajoji a SSD, fina-finai da tsofaffin takardu a faifai.

Jimlar magana, in sauri kake nema ga na'urar da kake aiki da ita kullum, SSD ce amsarka, kuma da wuya a sami gyaran da ya fi ta biyan kuɗinsa. In yalwa kake nema da araha, faifai yana nan. Amma amana kam, kada ka damƙa ta ga ɗayansu shi kaɗai. Masana suna ba da shawarar kwafi uku na duk abin da ba za ka iya jure rashinsa ba, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri dabam, ko a intanet ko a gidan ɗan'uwa. Hirarrakin nan na koma na sake wasu, wasu sun tafi ke nan. Hotunan suna kuwa ba a sake su. Da-na-sani ƙeya ce, Allah ya kiyashe mu da ita.