Malami a Baƙunci: Shekarar Nazari a Birnin Alƙahira

A tsarin manyan makarantun ƙasar nan, tun daga jami'o'i har zuwa kwalejojin kimiyya da fasaha irin wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a Ƙauran Namoda a 1983, akwai al'adar da ake kira hutun sabatikal, wato malamin da ya shafe shekara shida yana karantarwa a sallame shi a ta bakwai, albashinsa na gudana, ya tafi wata makaranta ya zauna domin nazari da talifi. Kalmar tushenta ɗaya da Asabar, ranar hutun Bani Isra'ila, kuma Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara bin wannan tsari a 1880. Akasarin malamanmu a cikin gida suke yin wannan shekara, amma akwai waɗanda Allah kan nufa da fita waje, kuma a kansu nake so in tsaya, musamman wanda ya nufi Alƙahira, birnin Azhar, inda ma'abota ilimi na ƙasar Hausa suka daɗe suna yada zango.

Wanda bai taɓa fita ba yakan ɗauka cewa da zarar malami ya sauka daga jirgi sai ya zarce Darul Kutub, babban ɗakin littattafan Masar da aka assasa a 1870, ya duƙufa a kan tsofaffin rubuce-rubuce. Alhali kuwa makonnin farko, wani lokaci ma watanni, ba sa tafiya sai a hidimar da ba a rubuta ta cikin takardar gayyata ba. Sai ya nemi ɗakin haya ta hannun dillali, wanda Misirawa ke kira simsar, ya biya kuɗin ajiya tun kafin ya san ko famfon gidan na kawo ruwa. Sai ya bi layin neman iƙama, wato izinin zama a ƙasar, da fasfo a hannu. Sai ya koyi hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, da sanin tashar da zai sauka kafin cunkoso ya wuce da shi. Mutumin ƙasar Hausa ya san hunturu, amma hunturun gida rana kan kore shi da hantsi, sanyin Janairu kuwa a ɗakin bene mai daɓen tayil kwana yake da mutum ya kuma wuni da shi.

Abin da ya fi taɓa zuciyar malami shi ne harshe. Ga mutum ya karanci nahawu da balaga tun yana yaro a zaure, ya isa shagon mai gurasa ya yi magana da fasaha irin ta littafi, sai mai shagon ya yi murmushi ya amsa masa da Larabcin kasuwa, wanda jimun a cikinsa ta koma "ga", ƙafun kuma ta koma hamza, gurasar ma sunanta ya zama aish, ma'ana rayuwa. A nan ne ake gane mai haƙuri, domin wanda ya ji kunya ya ja jikinsa ya kulle a ɗaki da ƙullin kuka da daddawar da uwargida ta sa masa a jaka, zai ƙare shekararsa bai san kowa ba sai mai gadin gidan.

Mu kuwa ba baƙin wannan mas'ala ba ne. Tun da layin dogo ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929 garin ke karɓar baƙi, kuma duk wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya san cewa falke ba ya shiga gari da kayansa sai ta hannun fatoma, mai ba shi makwanci da tuwon dare, ya nuna masa wanda zai amince wa da wanda zai kiyaya. Malami ma falke ne, kuma bukatarsa ga mai masauki ba ta gaza ta mai fataucin dabbobi ba. Shehin malamin nan Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi da aufaƙi, wanda ya bar ƙasar Hausa don aikin Hajji sannan ya zauna a Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti ya sauka, a nan kuma ajali ya riske shi a 1741. Ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya adana labarinsa cikin tarihin Masar da ya rubuta daga baya. Ba domin wannan gida ba, da wuya mu san yadda ƙarshen rayuwarsa ya kasance.

Saboda haka ina roƙon hukumomin makarantunmu, idan za su sa hannu a takardar sallamar malami, su tambaye shi wane ne zai tarye shi, ba sunan jami'ar da za ta karɓe shi kaɗai ba. Ɗalibanmu da ke zaune a unguwannin Abbasiyya da Madinat Nasr sun san dillalin kirki, sun san inda ake samun garin tuwo da masallacin da ake karatu bayan Magariba. Malamin da ke shirin tafiya ya nemi ɗaya daga cikinsu tun yana gida, kuma kada girman muƙami ya hana shi zama ɗalibin yaron nan na tsawon wata guda.