GPS Ɗin Wayarka Da Tambayar Da Kimiyya Ba Ta Gama Amsawa Ba

Duk lokacin da ka buɗe Google Maps ka ga shuɗin ɗigon nan yana nuna inda kake, kana cin moriyar nazariyyar da Albert Einstein ya fitar a 1915. A cewarsa, duk abu mai nauyi ko makamashi yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi, sauran abubuwa kuma su bi wannan lanƙwasa. Abin da muke kira jan ƙasa ke nan.

Taurarin ɗan adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. A can jan duniya ya fi rauni, don haka agogonsu yana wuce namu da kimanin maikrosakan 45 a rana, gudun da suke yi kuma yana rage 7, saura 38. Maikrosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Ƙaramin abu ne, amma da ba a gyara shi, da kuskuren wurin da wayarka ke nunawa zai riƙa ƙaruwa da kusan kilomita 10 kullum.

To amma me ya sa nauyi ke lanƙwasa sarari?

Ana yawan ba da misalin dutsen da aka ɗora a kan katifa ta lotsa. Matsalar misalin ita ce jan ƙasa ne ke danna dutsen, wato an yi bayanin abu da kansa.

Fiziks yana da rabin amsa. Idan babu iska, komai yana faɗuwa da sauri iri ɗaya. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, suka taɓa ƙasa tare. Tunda faɗuwar ba ruwanta da irin abin da ke faɗuwa, Einstein ya gane cewa sirrin yana cikin sararin ne. Daga nan ya gina lissafin da ke faɗin yawan lanƙwasar da kowane nauyi zai haifar, gwaje-gwaje kuma suka gaskata shi, tun daga husufin rana na 1919 har zuwa girgizar sarari da na'urar LIGO ta ji a 2015.

Sai dai lissafin yana faɗin "nawa" ne, bai faɗi "don me" ba. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: kana amfani da lambar da wani ya rubuta, ka san abin da za ka ba ta da abin da za ta mayar maka, amma ba ka taɓa ganin cikinta ba.

Masana na ƙoƙarin leƙa cikin. A 1995 Ted Jacobson ya nuna cewa ana iya fitar da lissafin Einstein daga dokokin zafi, alamar cewa wataƙila akwai wani abu mafi zurfi a ƙarƙashinsa. Har yau dai babu gwajin da ya tabbatar da ko mene ne.