2.4 Aikin Masanin Ƙwaƙwalwa da Halayyar Yara: Misalin Amina Abubakar

Masanin ƙwaƙwalwa da halayyar yara shi ne wanda ya ƙware wajen gano yadda lafiyar ƙwaƙwalwa ko raunin ta ke bayyana a cikin tunanin yaro da maganarsa da motsinsa. Ya bambanta da likita, domin ba ya rubuta magani kuma ba ya yin tiyata. Aikinsa shi ne awo, wato ya gwada ƙarfin riƙon yaro da natsuwarsa da fahimtarsa, sannan ya shawarci iyaye da malamai.

Bukatar wannan aiki a fili take a ƙasar Hausa. Cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau da tamowa sukan bar tabo ko bayan an warke. Annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, haka kuma gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Waɗanda suka rayu su ne abin dubawa a nan, domin wasunsu sukan tashi da kurumta ko farfaɗiya ko saurin mantuwa.

Daga cikin 'yan Afirka da suka yi fice a wannan fage akwai Farfesa Amina Abubakar. Ko da yake sunan ya yi kama da na Bahaushiya, mutuniyar ƙasar Kenya ce. Ta yi karatu a Jami'ar Kenyatta, sannan ta sami digiri na uku a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan a 2008. Mafi yawan bincikenta ta gudanar da shi ne a Kilifi, wani yanki na gaɓar tekun Kenya, a kan yaran da tamowa ko zazzaɓi ko cutar ƙanjamau suka taɓa. A shekarar 2016 ta sami lambar yabo ta Royal Society Pfizer.

Muhimmin abin da aikinta ya nuna shi ne, ma'aunin da aka tsara domin yaron Turai ba lalle ne ya yi wa yaron ƙauye adalci ba. Idan aka ba yaro hoton abin da bai taɓa gani ba, ko aka tambaye shi cikin harshen da ba nasa ba, to rashin sabo aka auna, ba ƙwaƙwalwa ba. Saboda haka ita da abokan aikinta suka fito da ma'aunin girman yara na Kilifi, wanda ake gwada 'yan ƙasa da shekara 3 da shi ta hanyar wasa da kayan da suka saba da su. Ana lura da yadda yaro ke tafiya da tsalle, da yadda idonsa da hannunsa ke aiki tare.

Idan aka dawo Saulawa da sauran garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan, za a ga cewa yaron da ya kasa riƙe karatu bayan doguwar jinya akan kira shi daƙiƙi, wani lokaci kuma a danganta abin da iskoki. Babban asibitin da akan tura irin wannan yaro shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ko can ɗin aka je, sakamakon awon ba zai inganta ba sai an yi shi da Hausa, da kayan da yaron ya sani a gidansu, kamar ƙwarya da ludayi da tsakuwa.