Koyar da Sababbin Ɗaliban Injiniya Juya Abu a Zuci

Zanen injiniya yakan nuna abu ɗaya ta fuska uku, wato gaba da sama da gefe, kuma aikin mai karanta zanen ne ya haɗa ukun a zuciyarsa har abin ya tsaya masa da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, ya iya juya shi, ya gane inda rami ya ratsa cikinsa ko da ba a ganin ramin daga waje. An daɗe ana ɗaukar wannan iyawa a matsayin baiwa, kuma wannan zato ya kori ɗalibai masu ƙoƙari da yawa tun a shekararsu ta farko.

Sheryl Sorby ta Jami'ar Fasaha ta Mishigan da ke Amurka, wadda ita kanta ta sha wuya a darasin zane duk da ƙwarewarta a lissafi, ta haɗa kai da Beverly Baartmans suka buɗe wani kwas a 1993 domin irin waɗannan ɗalibai. Ana fara tantance su da jarrabawar da Roland Guay ya tsara a Jami'ar Purdue, mai tambayoyi 30, inda ake nuna siffa an juya ta, a nemi ɗalibi ya yi wa wata siffar irin wannan juyin a zuci. Wanda bai wuce kashi 60 cikin 100 ba shi ake kira zuwa kwas ɗin, kuma abin lura shi ne mata sun fi yawan faɗuwa, sai dai horon yakan rage wannan tazara ƙwarai.

Kayan aikin ba su da tsada. Ɗalibi yakan harhaɗa 'yan dunƙulen roba masu kusurwa ya gina siffa, ya riƙe ta a hannu yana jujjuyawa, sa'an nan ya zana ta da fensir a takarda mai ɗigo-ɗigo, yana nuna gefen da ya ɓuya da layi mai tsinke-tsinke, har hannu da ido su saba. Waɗanda suka bi kwas ɗin sun fi takwarorinsu da ba su bi ba samun maki, sun kuma fi su ɗorewa a karatun injiniya.

A 2013 David Uttal da abokan aikinsa sun tattara bincike 217, suka tabbatar cewa horo yana ƙara wannan iyawa, kuma ƙarin ba ya gushewa da wuri. Kwamfuta tana iya juya siffa a allo cikin ƙiftawar ido, amma Sorby ta lura cewa zane da hannu ya fi koyarwa, domin a nan ɗalibin ne da kansa yake yin juyin.