Kalmar "Direful" da Inda Ta Ke Zama

Jama'a, akwai wata tsohuwar kalmar Turanci wadda masu koyon aikin malanta su kan yi tuntuɓe da ita cikin littattafan adabi, watau "direful". Ana faɗinta kamar a ce "dayaful". Ma'anarta abu mai ban tsoro ƙwarai, irin wanda bala'i ke biye da shi, kamar annoba, ko yaƙi, ko tsawa mai kisa.

Asalinta daga Latin ne, daga "dirus", watau mugun abin da ke nuna alamar masifa. Turawan Ingila suka ara cikin ƙarni na 16, suka ce "dire", sa'an nan suka ƙara mata "ful". To, a nan ne gardama ta ke. Bisa al'ada suna a kan ƙara wa "ful", kamar "joy" ta zama "joyful", "dread" ta zama "dreadful". Amma "dire" da ma can siffa ce, ƙarin bai daɗa mata kome ba. Samuel Johnson ma ya ambaci wannan aibu cikin ƙamus ɗinsa na 1755, ko da shi ke ya nuna mawaƙa suna yawan aiki da ita.

Wanda ya karanta Macbeth ya gamu da ita tun farkon wasan, inda sojan nan mai rauni ya siffanta tsawa da ita gaban Sarki Duncan. Alexander Pope kuma ya sa ta a farkon fassararsa ta Iliad, wadda ta fara fitowa cikin 1715, wajen zancen fushin Achilles. Kun ga duk manyan al'amura ne, na jini da hallaka.

Yanzu kuwa ta tsufa, ba a jinta a bakin mutane. "Dire" ita ce ta rage, a kan ce "dire need" ga matsananciyar bukata, "dire consequences" ga mugun sakamako.

Abin da ya sa na kawo zancen nan shi ne, waɗansunmu suna son babbar kalma don a ce sun iya Turanci. Sai yaro ya rubuta wa hedimasta takarda, ya ce ya makara saboda "direful rain". Ruwan da ya hana ka fita da safe ai "heavy rain" ne kurum. Wannan kamar a buga tambari ne don akuya ta haihu. Mai duba jarrabawa ba ya ba da maki don girman kalma, sai don ta zauna daidai wurinta.

Saboda haka, ya ku malaman gobe, in kalmar nan ta fito cikin karatu, ku fassara wa yara ita sosai, ku gaya musu tsohuwa ce. Amma in an zo rubutun insha'i ko wasiƙa, "terrible" ko "dreadful" sun isa. Abin da malami ya rubuta a allo, shi yara arba'in za su kwashe su kai gida.