Masara, toka da barkono: ƙwalamar titunan Meksiko a murhun gidanmu

Duk wanda ya sauka tashar Maraɗi ko ya ratsa kasuwar Ɗan Isa a lokacin kaka, abin da zai fara dukan hancinsa shi ne ƙamshin gasasshiyar masara. Yadda muka tarar ana sayar da ita, haka muke yi har yau: a gasa, a miƙa, a karɓi kuɗi. To amma akwai wata ƙasa mai nisa, a kudu da Amurka, wadda ake kira Meksiko, inda masarar nan ɗaya take fita kala-kala a bakin titi, kuma kowane kala da kuɗinsa.

Ba abin mamaki ba ne, don kuwa can ne mahaifar masara. Masana sun nuna cewa kimanin shekara 9,000 da suka wuce ne mutanen kudancin Meksiko suka fara nomanta, daga wata ciyawa mai suna teyosinte. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta saka girkin gargajiya na ƙasar cikin kayan tarihin duniya. Muhimmancin masara a wurinsu ya kai inda a watan Janairun 2007, da farashin wainar masararsu ya tashi, dubban mutane suka fito zanga-zanga a babban birnin ƙasar.

Me ya kawo wannan zance a shafin ƴan kasuwa? Mun ga abin da ya faru lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma sake gani bayan juyin mulkin Yulin 2023. Motoci sun tsaya, aljihu ya bushe, kuma a gidaje da yawa ƙaramar sana'ar uwargida ce ta riƙe tukunya. Saboda haka duk dabarar da za ta ƙara wa tiyar masara daraja, ba ta raini ba ce.

Mu fara da mai sauƙi, wadda suke kira elote. Ana gasa ɗanyar masara ko a dafa ta, a soke ta da tsinke. Tun tana da zafi sai a shafe ta da mayonez, a barbaɗa busasshen cuku mai gishiri, a zuba garin barkono, a matsa lemun tsami. Cukunmu na Buzaye da Fulani, in an daka shi aka sa ɗan gishiri, zai yi wannan aiki. Wanda ba ya son ɓata hannu, suna yi masa eskites: a ɓare ƙwayar masarar, a soya ta sama-sama da albasa da ɗan mai, a zuba a kofi, a ɗora kayan nan a kai, a ci da cokali. Sai dai a kula, mayonez ba ya shiri da zafin rana, a ajiye shi a sanyi, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan.

Uwar abincinsu kuwa ita ce tortiya, wata siririyar waina mai faɗi wadda ake gasawa ba mai. Ranar farko da muka gwada a gidana, garin tuwo uwargida ta kwaɓa, sai abin ya yi ta farfashewa a kasko, yara suka yi mana dariya har suka gaji. Ashe sirrin yana wurin dahuwa. Mutanen Meksiko suna dafa busasshiyar masara da wani farin gari da ake samu daga ƙonannen dutse, suna kiransa kal, wajen giram 10 a kilo ɗaya. Wanda ake ci ne, ba na gini ko na shafen bango ba, kada wani ya yi ganganci. A wasu yankunansu da tokar itace suke yi, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da mu, tun da matanmu sun san ruwan toka.

Ga yadda ake yi. A tace tokar itace mai tsabta, wadda ba a ƙona leda ko roba a cikinta ba. A dafa masarar a ruwan kamar rabin awa, har in an murza ƙwaya da yatsa a ga ɓawon yana saluɓewa. A sauke, a bar ta ta kwana a ciki. Da safe a wanke ta sau da yawa, a kai inji a markaɗa da ruwa kaɗan, ƙullin ya yi tauri kamar na fura. A cura kamar girman ƙwai, a sa tsakanin leda biyu, a danne da gindin faranti. A ɗora a kasko mai zafi, a juya bayan rabin minti, a sake juyawa bayan minti guda, za a ga tana kumbura. A riƙa tarawa cikin tsumma mai tsabta don kada ta bushe.

Wannan dahuwa ba don daɗi kawai ba ce. Tana fito da sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure cikin masara. Mutanen Italiya da na kudancin Amurka da suka rungumi masara ba tare da wannan dabara ba, sun sha fama da cutar felagira, mai lalata fata da kawo zawo. Tana kuma rage dafin da ke cikin masarar da ta yi fumfuna, amma ruɓaɓɓiyar masara ta zubarwa ce, ba ta dafawa ba.

In tortiya ta samu, sauran wasa ne. A naɗe tsire ko balangu a ciki da albasa da miyar tumatir da barkono, an samu tako ke nan. A cusa dakakken wake cikin ƙullin kafin a gasa, shi ne tilakoyo. Tamal kuma ƙullin ne ake haɗawa da mai, a sa nama a tsakiya, a naɗe a ɓawon masara a turara kamar alala. A nan sai a yi hattara: su da kitsen alade suke yawan yin tamal da soyayyen wake, mu kuwa man gyaɗa ko man shanu ya wadatar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusancin bakinmu da nasu. A jihar Wahaka suna soya fara da tafarnuwa da lemun tsami da barkono, kamar dai wadda ake aunawa a kasuwanninmu. Abin shansu mai suna hamaika ba komai ba ne illa soɓorodo, kuma Meksiko na cikin manyan masu sayen busasshen soɓo daga Nijeriya, irin wanda ake hada-hadarsa a Maigatari. Orcata kuwa, a Sipaniya da aya ake yin ta, irin wadda jihar Maraɗi ke nomawa, su kuma a Meksiko da jiƙaƙƙiyar shinkafa da kirfa da sukari.

Shawarata ga mai son gwadawa, kada ya fara da buhu. A fara da rabin tiya, a ba mutanen gida da maƙwabta su ɗanɗana, a lissafa kuɗin itace da na inji da na mai, sannan a fitar da tire bakin tasha ranar kasuwa. Allah ya sa albarka a nema, amin.